Dokin Mazarƙwaila da Mahara Arba'in

Wani ne ya faɗo ofishin 'yan sanda azahar ta ɗan gota, hula a hannu, babbar riga ja-jawur daga ƙirji har gwiwa, yana cewa a kawo ɗauki, an tashi garinsu. Bai ce an yi ɓarna ba, bai ce an yi sata ba. Tashin gari ya ce. A faɗarsa, tun da aka sari ƙauyen nan nasu da ke tsakanin Makarfi da Kudan ba a taɓa ganin bala'i irin na yau ba. Kuma duk faɗin ƙasar Zazzau aka rasa wanda za a jarraba da shi sai shi, bawan Allah mai haƙuri, da rana tsaka, ko kare babu a garin balle mai taya shi.

Abin da ya fara ɗaure wa Saje kai tafiyar mutumin ce. Ga tebur a gabansa sak, amma sai ya karkata hagu, ya zagaye benci, ya bi ta bayan Kofur, ya sake ɓullowa bakin ƙofa. Sai a zagaye na biyu Kofur ya cafko shi ya zaunar.

Sajen nan baƙo ne, watansa biyu da zuwa daga birni. Rake ma a baro ya san shi, an kankare an yanka gaɓa-gaɓa. Ya buɗe littafi, ya ce a yi masa bayani a tsanake.

Gogan naka ya gyara zama. Ya ce mahara ne a kan dawakai, fuska a rufe. Sun rushe babban ɗakin taron gari. Sun fasa ma'ajiyar ruwa. Sun karya katangar fadar mai unguwa. Masana'antar tumatir ta iyalinsa kuwa, wadda ake ji da ita har Ikara, sun mai da ita ƙasa.

"Su nawa ne?" in ji Saje.

"Arba'in, yallaɓai. Waɗanda na iya ƙirgawa ke nan, don ina ƙirga ina duka."

Kofur ya sunkuya ya duba rigar, ya lakato da yatsa, ya kai hanci.

"Oga, jinin nan fa da 'ya'ya a cikinsa."

"Ai ba nawa ba ne, nasu ne," in ji gogan. "Ni ina na san abin da suka ci kafin su fito?"

Saje ya rubuta har da wannan.

To, a bar shi nan kan benci yana shan ruwa, a koma safiya a ji yadda aka yi.

Ƙauyen nasu gida goma sha ne, rake ya kewaye shi ta ko'ina. Mai unguwa ya ce za a naɗa shugaban 'yan sintiri, kuma kayan sarautar sun riga sun iso: rigar kaki mai aljihu huɗu, jar hula, da usur. Mutum biyu suka nuna sha'awa, gogan naka da wani siririn mutum marar yawan magana mai suna Zayyad. Mai unguwa ya ce abin mai sauƙi ne. Kowa za a bar masa gadin gari ranar kasuwar Makarfi, wanda aka dawo aka iske gari lafiya a hannunsa shi ke da kaki. Makon jiya Zayyad ya yi nasa, ko ƙwai bai fashe ba. Yau ranar gogan ce. Kuma yau ɗin ta fi, don maza sun tafi kasuwa da rake da mazarƙwaila, mata da yara sun ɗunguma bikin suna a Nasarawan Doya. Gari ya zama nasa shi kaɗai.

Kakin nan kuwa ta riga ta shiga ransa. Sau uku yana zuwa gaida mai unguwa ba gaira ba dalili, don dai ya hango ta rataye a zaure. Ya riga ya gwada yadda zai karkata hular a madubin babur ɗin maƙwabci. Ya gaya wa matarsa Hafiza ta fara koyon amsa gaisuwar matan gari da ɗan jan aji.

Da hantsi ya zaga gari sau biyu a ƙasa, sai ya ga abin bai dace da shi ba. Gadi a ƙafa ai Zayyad ma ya yi. Shi da kullum yake faɗa a majalisa cewa kakansa a kan doki aka haife shi, ya kamata motocin kasuwa su dawo su tarar da shi a bakin gari a bisa doki, hannu ɗaya a ƙugu. Doki kuwa ɗaya ne tak a garin, na Sadiƙ mai mazarƙwaila.

Wanda bai zauna ƙasar rake ba sai an yi masa bayani. Injin matse rake ƙarfe ne a kafe a tsakiyar fili, da doguwar sanda a kansa. Ana ɗaura doki a bakin sandar, ya yi ta zagayawa, injin na juyawa, ruwan rake na tsiyaya, a dafa shi ya zama mazarƙwaila. Dokin Sadiƙ shekararsa goma sha ɗaya a wannan aiki. Bai san gabas ba, bai san yamma ba, hagu kawai ya sani. Bai taɓa zuwa ko'ina ba, amma ya fi direban tirela cin hanya.

Gogan ya kwance shi daga turke, ya taka kaskon dafa ruwan rake da aka kife, ya ɗare. Da farko abin gwanin sha'awa. Doki ya bi lungu tiɓis-tiɓis, gogan yana ɗaga wa kaji hannu. Har suka ɓullo filin tsakiyar gari.

A tsakiyar filin nan akwai famfon tuƙa-tuƙa. Ƙarfe ne a kafe, da dogon hannu a kansa.

Doki ya tsaya. Ya dubi famfo. Ya kaɗa kunne, kamar mai cewa ashe nan aka dawo da aikin. Sai ya karkata hagu ya kama sana'a.

A zagaye na farko ya bi ta kan tuluna da jarkokin da mata suka jera layi a bakin famfo. A na biyu ya hau tabarmin Hafiza, inda ta yanka kwando shida na tumatir ta shanya za ta yi kauɗa. A na uku ya ɗauke ƙafa ɗaya ta rumfar da dattawa ke zama, rumfa ta durƙusa. Darnin mai unguwa ya ɗan shigo hanya, doki bai ga dalilin da zai kauce wa kara ba. Gogan ya ja ragama, doki ya ɗauka cewa aka yi ƙara sauri. Ya daka masa tsawa, ya ƙara. Ya roƙe shi da girman Allah, ya kira shi Alhaji, ya yi masa alkawarin dusa. Daga ƙarshe ya rungume wuya, ya cusa fuska a geza, ya rufe ido, gari na juyawa.

Sai da rana ta take tsaka, lokacin da Sadiƙ ya saba sallamarsa, dokin ya tsaya don kansa. Gogan ya sulalo. Ƙasa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya yi taku uku ya kife a cikin tumatir. Doki ya kama hanyar gida abinsa, ya gama aikin yini.

Da gogan ya ɗago ya ga filin, sai ya ga kaki tana tafiya, jar hula na binta, usur na bayansu. Nan take ya gane abu ɗaya ne zai cece shi. Wanda aka bar wa gari ya lalace a hannunsa sakarai ne. Amma wanda ya tare mahara arba'in shi kaɗai, har gari ya tsira da 'yar ɓarnar tuluna, wannan ai kaki ta yi masa kaɗan. Ya fita titi ya tari ɗan acaɓa.

Su uku suka hau babur ɗin ofis, Kofur na tuƙi, Saje a tsakiya, gogan a baya. Tafiyar da ba ta kai komai ba sai da ta ɗauke su har la'asar, don gogan jikinsa bai daina karkata hagu ba. Sau biyu suna shiga gonar rake. Saje ya ce wannan alamar wanda ya sha gumurzu ce, ya gani a wurin horo.

Addu'ar gogan duk hanya ita ce Allah ya sa motar kasuwa ta yi faci. Ba ta yi ba. Suka tarar da gari kaf a filin, maza a gaba, mata a bayan abin da ya rage na darni, an yi shiru ana kallon ƙasa. Ga wata da'ira shatata ta kewaye famfo, lafiyayya kamar an zana da kwano, ta yi zurfi har idon sawu, cike da fasassun tuluna da jan tumatir.

A ƙasar rake ko yaron da ake yaye ya san wannan sawun. Kowa ya dubi da'ira, ya dubi famfo, sannan ya dubi gogan da ke saukowa daga babur ƙafafu a gwale kamar an ɗora shi a kan ganga.

Mai unguwa, wani tsoho mai farin gemu da ɗan banzan son raha, ya buɗe baki zai yi magana. Sai Saje ya riga shi. Bayan an gaisa, an tambayi gajiya da iyali da kasuwa, Saje ya ce ya zo ne a kan maganar mahara arba'in da wannan jarumi ya kora.

Mai unguwa ya rufe bakinsa. Gemunsa ya ɗan yi rawa. Ya juya ya dubi jama'arsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

"Arba'in ya ce maka, yallaɓai? Kunya ce irin tasa. Ai sun fi."

Shi ke nan, gari ya kama. Wani ya ce a hanyar dawowa ya hango su, za su yi sittin. Wani ya ce saba'in, ban da masu ɗaukar musu ruwa. Wata tsohuwa ta aiko daga bayan darni cewa tun shekaranjiya kazarta ta daina ƙwai, ashe ta ji a jikinta. Wani dattijo ya kama hannun gogan da hannu biyu yana jijjigawa, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba. Gogan ya ɗauka kukan godiya ne. A ransa ya ce ashe mutanen garin nan sun fi yadda yake zato sauƙin kai, da ya sani da ɗari ya ce.

Saje ya nemi a nuna masa babban ɗakin taro. Aka nuna masa rumfa mai ƙafa uku. Ya nemi ma'ajiyar ruwa, aka nuna masa kasake. Da ya zo kan masana'anta, aka ɗaga masa tabarma. Ya dubi littafinsa, ya dubi tabarma, ya ce lalle ɓarnar ta kai, tunda har ba a gane abin da wurin yake a da.

Sai ya koma kan da'ira. Ya zagaya ta da ƙafa, hannu a baya.

"Malam, me ya sa suka yi ta zagaye wuri ɗaya?"

"Dabarar yaƙi ce, yallaɓai. Ni suka sa a tsakiya."

"Kana ina?"

"A kan famfo. Ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya tana aiki."

Saje ya tambaya don me duk sawun ya nufi hagu. Gogan ya ce shugabansu bahago ne. Kofur, da ke tsugune yana duba ƙasa, ya ce shi fa kofaton doki ɗaya yake gani, ga ma wata tsaga a na baya tana ta maimaituwa. Gogan ya ce ai nan za ka san ƙwararru ne, kowa sawun na gabansa yake takawa, tsagar ma tare suka yi ta don a rikita hukuma. Mai unguwa ya ce wallahi haka ne, shi ma ya taɓa jin irinsu. Wani a baya ya ruga bayan masallaci, aka jiyo shi yana tari.

Da a nan aka tsaya, da gogan ya kwana da kaki. Har ya fara tunanin ko a rage mata hannu. Sai Kofur ɗin nan mai shegen bin diddigi ya ga sawu ɗaya ya fita daga da'ira ya shiga lungu. Ya bi. Saje ya bi shi. Gari ya bi Saje. Gogan ya ce shi a ganinsa ta ɗaya lungun suka gudu, ba wanda ya juyo.

Sawu ya kai su har wurin matsar rake. Ga doki a tsaye a gindin turkensa yana gyangyaɗi, ragama na jan ƙasa, ƙafafu huɗu ja-jawur kamar an sa masa lalle, da yankin tumatir ɗaya manne a wutsiya.

Saje ya ce alhamdu lillahi, an kama ɗaya, saura talatin da tara. Ya tambayi mai doki. Sadiƙ ya fito yana share hawayen dariya, wani ƙato mai hannuwa kamar faranti. Saje ya ce wa Kofur ya sa masa ankwa.

Nan dariyar Sadiƙ ta ɗauke. Ga rakensa da aka sare jiya tuli guda, in bai matse shi gobe da sassafe ba tsami zai yi. Ya juya ya zuba wa gogan ido. Gari duka ya zuba wa gogan ido. Gogan ya ga wannan ne lokacin da ya dace ya duba farcensa. A ransa ya ce kwana ɗaya a ofis bai taɓa kashe kowa ba, kuma da zarar ya sa kaki shi da kansa zai je ya yi magana a sake shi, su manya da manya.

Sadiƙ ya ce shi tun safe yana kasuwa, rumfar 'yan mazarƙwaila kaf shaidunsa ne. Ban da haka ma, dokin nan ba na hawa ba ne. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa zama a bayansa, shi kansa mai shi bai taɓa gwadawa ba, don yana son ransa.

Saje ya ce hukuma ba ta aiki da an ce, gwadawa za a yi. Ya dubi Kofur. Kofur ya ce shi ya taɓa hawa doki, amma a tsaye yake, mai hoto na riƙe da shi. Saje ya ce ya wadatar.

Aka ninka buhu biyu aka shimfiɗa a bayan doki, aka ɗaure da igiya tamau. Aka ɗaga Kofur aka ɗora. Sadiƙ ya ja su har bakin fili, ya saki ragama, ya ja da baya da sauri.

Doki ya ga famfo.

A zagaye na farko Kofur yana ba doki umarni da sunan hukuma ya tsaya. A na biyu ya koma salati. Na uku bai cika ba, aka ga takalmi a sama, Kofur ya sauka a kan tulin barkonon mai unguwa, wanda shi kaɗai ya tsira da safe. Ya tashi yana atishawa yana neman hularsa, yana karkata hagu. Doki ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai, sai da Sadiƙ ya ƙwanƙwasa kwanon dusarsa sannan ya tsaya.

Saje ya tsuguna a bakin da'ira. Ya ga zagayen Kofur ko alama bai ƙara wa ramin ba. Ya zura biro a ciki, biro ya nutse. Ya miƙe a hankali ya ce, in biyu da rabi ba su yi komai ba, to wanda ya haƙa wannan rami da kofato ya daɗe a bayan dokin nan. Kuma mutum ɗaya ne, don dokin ba zai ɗauki arba'in ba.

Mai unguwa ya shafa gemu. Ya dubi Sadiƙ da ankwa a hannu, ya dubi gogan da har yanzu bai gama da farcensa ba. Sai ya matso kusa da Saje, ya yi magana yadda kowa zai ji.

Ya ce shi shekararsa saba'in da wani abu, ya ga mahaya iri-iri, amma bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Dokin da ya yar da jami'in hukuma mai horo a zagaye biyu, wani ya zauna a kansa tun hantsi har azahar. Ya ce a ƙiyasinsa zagaye sittin ne.

"Ya fi," in ji gogan, can ƙasa-ƙasa.

"Na'am?"

"Cewa na yi, ga alama, ramin ya fi sittin."

Mai unguwa ya ce to a ce tamanin. Jama'a suka ɗauka. Wani ya ce wannan ba mutum ba ne, namijin duniya ne. Wani ya ce cinyoyinsa ƙarfe ne. Dattijon nan mai hawaye ya ce da zai ga mahayin da ya ba shi 'yarsa, ɓarnar tuluna kuwa a bar ta, tulu ai ƙasa ce. Gogan ya banƙaro ƙirji. Ya gyara tsayuwa. Ya ɗan ƙara gwale ƙafafu ko wani zai lura. Ba wanda ya dube shi.

Saje ya ce yabo daban, doka daban, a gaya masa wanda zai iya wannan aiki a garin.

Mai unguwa ya kaɗa kai kamar abin na yi masa nauyi. Sannan ya ce, tunda hukuma ta tambaya, ba zai ɓoye ba. Ban da mai gadin gari, mutum ɗaya ne yau bai je kasuwa ba, ya ce wai yana fadama yana ban ruwa. Kuma irin shirun nan nasa, dama ya daɗe yana zarginsa da jarumta.

"Zayyad, fito."

Zayyad ya fito, siriri kamar sillen kara. Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya ƙifta masa ido. Sai ya sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo, ya miƙa wa Kofur hannu biyu.

Fili ya ɗauki sowa. Aka cire ankwa daga hannun Sadiƙ. Samari suna ta shafa kafaɗar Zayyad, suna tambayarsa yadda ya yi da jiri. Zayyad ya ce abin ba wuya, sabo ne. Gogan ya ji kamar an watsa masa ruwan rake mai tafasa. Sabo! Mutumin da ko keke sai an riƙe masa!

Ya matsa kusa da Saje ya ce, shi dai a matsayinsa na wanda ya ga abin da idonsa, mahayin ya fi Zayyad cika, ya fi shi kyan zama, kuma akwai kwarjini. Saje ya ce ba kai ka ce fuskarsu a rufe take ba? Gogan ya ce fuska daban, kwarjini daban. Saje ya ce ya koma gefe, an gama da shi, an gode.

An gode. Tun hantsi har azahar, cinya ta saluɓe, hanji ya juye, a ce an gode.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce Zayyad zai bi hukuma ya amsa laifinsa, zai gyara rumfa da darni, wannan dole ne. Amma gari ba zai yi asarar irin wannan namiji ba. Ranar da ya dawo, kaki da jar hula da usur suna jiransa. Ya aika aka ɗauko kakin daga zaure, ya kara ta a kafaɗar Zayyad don a ga ko za ta yi. Ta yi masa yawa, ta sauko har gwiwa. Aka ce ba komai, jarumi ne, zai cika ta.

Sai ga muryar Hafiza daga bayan darni, ba da ƙarfi ba, amma ta isa ko'ina. Ta ce a gaya wa Saje ita ta yafe tumatirinta. Namijin da ya iya wannan hawa ya ci kwando shida halak malak. Ta ce ita dai tausayin kanta take ji, don nata mai gidan ranar da ya hau jakin kai taki, sai da aka kira maƙwabta suka sauko da shi.

Mata suka kwashe da dariya. Saje ya buɗe sabon shafi, ya tambayi yadda ake rubuta Zayyad, da harafin y ɗaya ne ko biyu.

Gogan bai san lokacin da ya ratsa jama'a ba. Ya nufi Saje, ya karkata hagu, ya zagaye famfo sau ɗaya, ya iso. Ya dafe littafin da tafin hannu. Ya fizge kakin daga kafaɗar Zayyad, ya ture hannayensa daga gaban Kofur, ya miƙa nasa.

Saje ya ce, "Malam, lafiya? Maharan ne suka dawo?"

"Wane mahara? Ni ne arba'in ɗin, ni kaɗai. Goge sunan wannan, rubuta nawa, zagaye ɗari da goma sha huɗu. Kuma ka sa a littafin, yallaɓai, da manyan baƙi: Kofur ɗinka buhu biyu aka shimfiɗa masa, ni a tsurar baya na hau."